Tsakuwa a Gonar Tomie

Lokacin da aka kawo Tomie gidan Kuramochi tana amarya, kabeji ne ko ta ina har inda ido ya tsaya. Yau Tokyo ta cinye unguwar, benaye sun kewaye ɗan filinta sun yi cirko-cirko kamar masu jiran a fito da gawa. Abin da ke cikinsa bishiyoyin kuri ne, masu 'ya'ya cikin kwasfar ƙaya, waɗanda marigayi mijinta ya dasa lokacin da gwiwa ta fara ba shi matsala. Ba don yana son cinsu ba. Kuri ba ta neman ban ruwa, ba ta neman taki, amma a wurin hukuma gona ce, harajinta ma na gona. Ranar da aka ce filin gini ne, Tomie ta san harajin zai fi ƙarfinta, sai dai ta sayar.

Shi ya sa ko gaisuwa sai ta juya ta ta duba bayanta. Maƙwabci ya ce yaya ƙarfin jiki, ita kuwa ta ji kamar yana auna faɗin filin ne.

Da damina, Tomie ta zame a banɗaki, ƙugu ya goce, aka kwantar da ita asibiti. Shigeru, mijin 'yarta, mai sayar da motoci wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, ya ce ta bar masa ciyawa. Ta dawo bisa sanda ta tarar ya malale ƙasar da farar tsakuwa, tas, kamar wurin ajiye motoci, ya kuma sare rassan ƙasa.

"Inna, kin huta da noma har abada," in ji shi, yana murmushi.

"Na gani. Rassan fa, tsayin wace mota ka auna?"

"Haba Inna, don kada su tsone miki ido ne."

"Idona ya gode."

Ƙarshen damina 'yan kwamitin gona suka zo zagayen da suka saba. Shugabansu Hirano, wanda ta sani tun yana yawo da majina, ya tura tsakuwar da takalmi.

"Gwaggo Tomie, sabon iri ne wannan? Yaushe yake tsirowa?"

"Ranar da gashin kanka ya dawo."

Ya yi dariya, sannan ya rage murya. Ya ce ƙasar da fartanya ba ta shiga ba gona ba ce. Zai dawo bayan kuri ta zuba. In ya ga ƙasa, shi ke nan. Ta yi godiya, tana tuna cewa ƙaninsa magini ne. Wa ya san dalilin wannan sassaucin?

Ta fara kwasar tsakuwar da ɗan kwando, a zaune. Ranar Lahadi sai ga Shigeru da shebur. Ya yi ta aiki har tafin hannunsa ya yi bororo, bai ko ɗago kai ba. Tomie ta zuba masa ido daga inuwa. Ko dai wawa ne mai kunya, ko kuma mai wayon da ya san an gano shi. Ta kai masa shayin sha'ir mai sanyi, ta ƙi tambaya, don duk amsar da zai bayar ba za ta yarda ba.

Hirano ya dawo, ya tsugunna, ya damƙi ƙasa ya murza.

"Bana dai gona ce."

Likita ya ce ɗaya ƙugun ma yana son tiyata, ta kwanta asibiti kafin sanyi ya shigo. Naoko, 'yarta, ta roƙe ta ta yarda har da kuka, ta ce Shigeru zai kula da komai.

"Na sani," in ji Tomie. "Ki ce wa likitan ya ƙaro maganin shafawa, ba inda za ni."