Rawanin Mai Unguwa Haladu

Da ana mayar da jiya, da ranar da na naɗa wa Mai unguwa Haladu rawani zan fara mayarwa. Ban taɓa mantawa da ita ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A lokacin ina aiki a wani babban asibiti a Kano, a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata. Ni ba nas ba ne, firamare kawai na gama. Aikina tura gado, gyara shimfiɗa da taimaka wa nas-nas. Haladu mutumin wajenmu ne, daga wani ƙauye kusa da Lajawa, ni kuma ɗan Wudil. Ciwon daji ya ci masa muƙamuƙi, aka yanke wurin, ya bar rami.

Ga wanda bai sani ba, irin wannan rami ba ya ɗinkuwa. Sai likitoci su ɗago tsokar ƙirji da fatarta, ba tare da sun tsinke jijiyar da ke ba ta jini ba, su bi da ita ta ƙarƙashin fatar wuya, su toshe ramin da ita. Muddin jini na bi ta wannan jijiya, naman zai kama. In aka matse ta, naman ya mutu.

Sista Hauwa, shugabar ɗakin, ta faɗa mana a fili: "Kada komai ya taɓa wuyan nan ta dama. Ko igiyar laya ban yarda ba." Da kunnena na ji.

Kwanaki kaɗan bayan aikin, ranar Asabar, kashegarin kasuwar Wudil, mutanen ƙauyensu suka ciko mota suka zo dubiya. Ƙanensa Tanimu ya ja ni gefe.

"Idi, kai namu ne. Mai unguwa guda talakawansa su gan shi kai ba rawani, fuska a ɗinke kamar buhu?"

Na ce, "Sista ta hana."

"Sista ce ta naɗa shi sarauta? Ko ka zama ɗan birni ne, ka manta gida?"

Haladu ba ya iya magana, akwai bututun numfashi a maƙogwaronsa. Sai ya nuna jakarsa da yatsa, inda rawaninsa yake, ya dube ni. Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na jira Sista ta tafi salla, na naɗa masa, na jawo amawali na rufe haɓa, na tamke sosai don kada ya zame a ga ɗinki. Bakin bututun na bar shi a buɗe, ina ganin na yi dabara.

Aka yi ta shigowa ana durƙusawa, ana "Allah ya ƙara sauƙi". Ba wanda ya zo duba ciwo, gaisuwa suka zo a ga sun kawo. Da Sista ta dawo ta ce a cire, suka taso mata da surutu, wai ba ta san manya ba. Sai da ta kira likita.

Likitan ya warware rawanin da hannunsa. Naman da yake ja da safe, yanzu ya yi shuɗi, ya yi sanyi. Ya soka masa allura, jini bai fito ba. Bai ɗaga murya ba.

"Wa ya naɗa?"

Tanimu ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ni ne, likita."

"Baba Idi, yini guda muka yi a tsaye a kan mutumin nan. Ba a gaya maka ba?"

"An gaya mini."

Aka koma da shi tiyata, amma naman bai farfaɗo ba. Daga baya aka ɗebo tsokar ɗaya ɓangaren ƙirjin. Ita ta kama, sai dai bakin ya karkace, tuwo ya gagare shi sai kunu, maganarsa kuma iyalinsa kaɗai ke ganewa. Unguwar da aka yi rawanin dominta, Tanimu ne ya koma yi mata shari'a.

Ina jin haushin Tanimu, ina jin haushin 'yan dubiyar nan, amma su ba su ji bayanin Sista ba. Ni na ji. Tsoron a ce na raina mutanen gida ne ya sa na yi.

Ku da kuke aikin yanzu, ɗan garinku zai zo, zai kira ku da sunan da ake kiranku a gida, ya roƙi abin da aka hana. Don Allah ku bari ya yi fushi ya tafi. Ni na guji fushin Tanimu, Haladu kuma ya rasu bai sake cin tuwo ba.