Sarkin Laka da Tankinsa

Shekara ashirin da shida ya yi a ma'aikatar tace ruwan masai da ke bayan gari, har abokan aiki suka naɗa shi Sarkin Laka, sarautar da ba ta da rawani. Aikinsa kula da wani rufaffen tanki ne mai tsawon bene hawa uku, inda ake tura lakar ƙazantar da ta kwanta bayan an tace ruwa. Iska ba ta shiga ciki. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ke cinye lakar, su fitar da gas ɗin da ke tayar da janareta, ragowar kuma a shanya, manoma su kwashe taki.

Hancinsa ya daɗe da mutuwa. Matarsa kan ce ita ta yi dacen miji, tunda bai taɓa cewa girkinta ya yi ƙauri ba. 'Ya'yansa in an tambaye su aikin babansu sai su ce ma'aikacin ruwa ne, shi kuma bai taɓa gyara musu ba.

Injuna biyu ne ƙashin bayan aikin. Ɗaya yana niƙa lakar kafin ta shiga, ɗayan farfela ce a cikin tankin, tana juyawa a hankali don kowane lungu ya sami rabonsa. Wata Litinin da hantsi guntun ƙarfe ya biyo bututu ya kakkarya haƙoran injin niƙa. Sabuwar injiniya, sa'ar babbar 'yarsa, ta rubuta wa hedkwata. Bayan kwana tara amsa ta zo, injiniyar ta same shi a gindin tankin da takarda a hannu.

"Baba, sun ce mu tsallake injin niƙa, mu tura lakar yadda take. Wai a ƙara wa farfela gudu, ita za ta farfasa."

"Ranki ya daɗe, farfela ba haƙori ba ce. Ni da kike gani turamena sun zube, in na haɗiyi tsoka guda, ko rawa na kwana ina yi ba za ta narke ba. Kuma waɗannan bayin Allah na ciki a dunƙule suke cin abincinsu. In aka wujijjiga su, watsewa za su yi, tanki ya yi tsami."

"Na sani, Baba. Haka na rubuta musu, har da lissafi."

"To a rage abin da ake turawa mana."

"Mu ce wa mutanen gari su daina shiga bayi?"

Suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Da hannunsa ya murɗa makunnin ƙara wa farfela gudu.

Sati na biyu allurar ma'aunin gas ta fara sunkuyawa. Kowace safiya yakan tari lakar a gwangwani ya murza tsakanin yatsu. Da baƙa ce wuluk, mai santsi. Yanzu ta koma ruwan toka, guda-guda, ga tsumma, ga gashi, ga ɓawon 'ya'yan itace ko taɓa su ba a yi ba. Ya ja leburori biyu suka tsaya bakin magudana da manjagara suna tsamo abin da za su iya, tun safe har la'asar, kafaɗa ta riƙe, abin da ke wucewa ya ninka abin da suke kamawa. Injiniya ta samo buhu shida na hodar kashe tsami. Kwana uku hodar ta yi musu.

A gida ya daina hira. Matar ta ce, "Malam, wai ciwonka ne ko na tanki?" Ya ce bai san bambancin ba.

Ranar kwana na arba'in da ɗaya kumfa ya ɓallo ta saman tankin, yana gangarowa jikin bango. Kafin azahar tsummoki suka naɗe farfela, injin da ke juya ta ya ƙone. Janareta ya yi shiru. Da aka buɗe murfin, ɓawon da ya daskare a sama har lebura ya taka bai nutse ba.

Daga nan ɗanyar laka aka riƙa zubawa a fili. Matan unguwar da ke maƙwabtaka suka taru a bakin ƙofa, gyale a hanci. Wata tsohuwa ta nuna shi, ta ce, "Kai da furfurarka, ba ka jin abin da muke shaƙa?" Ya ce ta yi haƙuri.

Haƙoran injin sun iso bayan wata huɗu, aka gwada, ba girmansu ba ne. Wata na biyar takardar ritayarsa ta fito. Ya miƙa makullai da takalman roba, tankin yana nan baki buɗe, ruwan sama na taruwa a ciki.

Sau ɗaya injiniya ta kira shi a waya. Ta ce in an gyara, sai an ɗebo laka mai rai daga wani gari a zuba iri, motar tanka nawa yake ganin za ta isa?

"Goma sha biyu. Kuma kada a cika masa ciki ranar farko, 'yata. Kaɗan-kaɗan."

"In lokacin ya yi zan aiko a ɗauko ka, Baba."

Ya ce Allah Ya kai mu. An shiga shekara ta biyu ke nan, ba a aiko ba.