Larabar Da Ta Hana A Yi Mini Sakiya

Malam Edita, a shekarun da abin nan ya faru ni masinja ne a wata ma'aikata a Minna. Ina da keke, ina da kaki mai guga, ina kuma da ilimin aji huɗu na elementare wanda a ganina ya ishi mutum uku su raba. A layinmu na Tunga duk wanda kansa ya sara ni yake tambaya, ni kuwa ban taɓa cewa ban sani ba. Da wannan digirin nawa na kusa aika kaina lahira.

Wani ƙullutu ne ya fito mini a bayan gwiwar hagu. Da farko kamar ƙwan zabo, kafin damina ta fita ya kai lemo. In na taka keke zuwa ofis sai sharaɓata ta riƙe, ƙafar ta yi sanyi. Na zauna na duba kaina, na yanke hukunci cewa ciwon daji ne, domin shi ya ɗauke wana bayan an yanke masa ƙafa. Kowa kuwa a wajenmu ya san daji ba ya son allurar asibiti, wai tana taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Saboda haka na aika wa wanzaminmu na Garatu ya zo ya yi mini sakiya. Wato allura 'yar siririya ita ce ke tsokanar ciwo, amma kibiyar da aka gasa a wuta ta yi jajir ba ta tsokanarsa. Ka ji zurfin karatunmu.

Ya zo da zabirarsa, na shimfiɗa tabarma a zaure, na kwanta rub da ciki, har an hura gawayi. Sai ya tambayi wace rana ce yau, aka ce Laraba. Nan take ya mayar da kayansa, ya ce shi tun kakanninsa ba sa fitar da jini ranar Laraba, in haƙura sai gobe da hantsi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce masa wannan camfi ne da bai dace da zamanin ilimi ba. Ni ke nan mai jiran a soka mini ƙarfe, ina koya wa wani wayewa.

Uwargidana ta yafa mayafi ta shiga gidan maƙwabciyarmu, wata nas mutumiyar kudancin Kaduna wadda nake yawan tsokana cewa ni na fi ta sanin magani. Ta zo ta durƙusa, ta ɗora yatsu a kan ƙullutun. Sannan ta kama hannuna ta ɗora a wurin, ta ce mini to Baba likita, in faɗa mata abin da nake ji. Wallahi bugawa yake yi kamar zuciya. Ta ce ita ba ta san ko mene ne ba, amma in wanzami ya dawo za ta zauna a kan ƙafar nan sai dai ya soke su tare.

Daga asibitin gari aka tura mu babban asibitin koyarwa, muka hau jirgin ƙasa ina ta yi wa uwargida wasiyya a kan wanda zai gaji keken. Can aka ce za a ɗauki hoton jijiyoyin jini, kuma da allura a gindin cinya za a zuba wani ruwa da zai sa su fito a hoto. Na ce wa likita daji fa ba ya son allura. Ya yi murmushi ya ce to bari mu tambaye shi. Ruwan ya bi ƙafata da ɗumi, na yi ta kalmar shahada, ban mutu ba. Da aka ɗaga hoton a fitila na ga jijiyoyina kamar saiwar gawo, ɗaya ta kumbura ta yi tulu. Likita ya ce ba daji ba ne, babbar jijiyar jini ce ta yi rauni ta buɗe, kuma da an huda ta a zaure da jinina ya ƙare kafin a samo mota. Ya ce ko da dajin ne, irin hoton nan ke nuna musu jijiyoyin da ke ciyar da shi, su san ta inda za su ɓullo masa. Aka yi tiyata, na dawo da ƙafata, magajin keke ya sha jira.

Yanzu in na ji a rediyo ana maganar ci gaban da likitoci ke samu a kan daji da hoton jijiya, sai in gyara zama kamar da ni aka yi binciken. Amma na ajiye aikin likitan layi. 'Yan uwa, kumburin da ba a ga cikinsa ba kada a sa masa suna, balle a sa masa ƙarfe. Ni Allah ya kawo nawa wanzamin ranar Laraba. Kai naka yana iya zuwa ranar Alhamis.