Tsakuwar da Inna Hamsatu Ta Bari a Gidan Isaka

Tun da na kafa keken ɗinkina a bakin kasuwar Katako, da wuya gari ya waye Inna Hamsatu ba ta wuce ta gabana ba, madaɓi a kafaɗa, ƙwarya a ka, 'yan matan aikinta na biye da ita. Takan tsaya ta gaisa da Zabarmawa masu katako da yarensu, sannan ta juyo kaina: "Tela, har yau ba ka ƙare rigar mutane ba?" Ba ta jiran amsa. Da la'asar ta dawo ƙafa jajir har gwiwa, ta biya ta sayi bagaruwar da za ta jiƙa don gobe. Sana'arta daɓe. A zuba jar tsakuwa a ɗaki ko tsakar gida, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa su yi ta duka da madaɓi suna waƙa, a ƙarshe a shafe da ruwan bagaruwa har ƙasa ta yi duhu tana sheƙi. A watan jiya ta ajiye madaɓin, don kafaɗar dama ta ƙi ɗaguwa.

Ni mutum ne mai bin diddigi, matata ma ta gaji da faɗa mini. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai game da wannan baiwar Allah shi ne, tun da aka samu 'yancin kai Yamai ta haukace da siminti. Duk wanda ya samu fili a unguwar Bukoki, kafin ya aza tubalin farko ya riga ya gama gidan a baki: rufin kwano, tagar ƙarfe, shuɗin fenti a ƙofa, siminti tun daga zaure har bakin randa. Wanda ya taɓa leƙa ofisoshin gwamnati na unguwar Plato kuwa, karo yake mafarki, irin shimfiɗar nan mai santsi da mutum ke ganin fuskarsa a ciki. Na ɗauka daɓe ya mutu. Amma kullum ana kiran Inna Hamsatu. Kuma idan an kira ta, ba sabon ginin take fara zuwa ba. Gidan hayar da mutanen ke zaune take tafiya ta wuni, ta taya tsince shinkafa, ta goya jariri, ta ci abin da aka dafa. Na taɓa ce mata tuwon banza ne ke kai ta. Ta ce, "To mi? Kai in an ba ka, ƙi kake?"

Sai da maƙwabcina Isaka ya tashi gini na gane abin da take zuwa yi.

Isaka direban taksi ne, mutumin Filinge. Ya ɗauko mahaifinsa, Baba Yakuba, ya kawo shi Yamai neman maganin ido, idon bai samu ba, tsoho ya makance ɗungum. A ƙauye babu sauran wanda zai kula da shi. Saboda shi Isaka ya matsa wa kansa ya soma gidansa na farko a Bukoki, kuma ya yanke shawara tsakar gidan duka siminti za a malala, sumul, kada tsoho ya yi tuntuɓe. Amma ginin na tashi, Baba Yakuba na ƙara cewa shi gida za shi. "Ka ƙare gininka lahiya, ka sa ni mota." An tambaye shi abin da aka yi masa, ya ce babu komi. Isaka ya zo shagona ya zauna kan buhun ƙyallaye, ya ce, "Halidu, in tsohon nan ya koma, gawarsa zan je ɗauka." Na tausaya masa ƙwarai.

Matarsa Balkisa ce ta kira Inna Hamsatu, kuma don madafa kawai, wurin da siminti ba zai kai ba. Inna ta je gidan hayarsu ta wuni kamar yadda ta saba. Lokacin bazara ne, zafin da ko kaji ke buɗe baki. Balkisa ta ba ni labari cewa tun hantsi Inna take satar kallon kwanon ruwan da aka ajiye gefen tabarmar tsoho. Azahar ta yi, kwano na nan a rufe. La'asar ta yi, ya ɗiba ya yi alwala, bai kai ko kurɓi baki ba. Sai Inna ta ja Balkisa gefe.

"Ɗiyata, azumi yake?"

"A'a, Inna. Haka yake kullum. Sai maigida ya komo da marece yake sha."

"Wa ke kai shi bayan gida in Isaka na waje?"

Balkisa ta sunkuyar da kai. "Ya ƙi in kama mai sanda. Shi ɗaya kuma ya gwada, ya ɓace cikin gidan ga, har ya faɗa ɗakin mutane."

Gidan hayar nan siminti ne ko'ina, kuma ga ƙafar makaho siminti duk ɗaya ne, gabas da yamma. Tsoho mai mutunci ba zai yarda surukarsa ta ja shi zuwa makewayi ba, ba zai kuma buɗe baki ya faɗa wa ɗansa ba. Sai ya zaɓi ƙishirwa. Yana kuma jin ana shirya masa wani filin simintin da ya fi wannan faɗi.

Da Isaka ya dawo, Inna ba ta tayar da zancen a gaban tsoho ba. Ta bi shi waje wajen motarsa. Abin da ta ce, shi ya maimaita mini: "Ɗana, ɗakin matarka sa siminti, ta huta da gara da shara. Zaure ma sa, baƙi su gani su yaba. Fenti kuwa ko wane iri ka so, ba ruwana. Amma tsakar gida da ɗakin Baba ka bar mani." Isaka ya yi gardama, don ya riga ya gaya wa duk direbobin tasha irin gidan da zai yi. Sai ta faɗa masa zancen kwanon ruwa. Ya ce mini ya daɗe riƙe da ƙofar mota bai iya shiga ba.

Ranar daɓen na rufe shago na tafi kallo, na ce ciwon kai nake. Suka daɓe ɗakin tsoho da tsakar gida lumui, gwanin kyau. Sannan Inna ta sa aka kawo tsakuwar bakin gulbi, 'yan mulmulallu, ta jera su a siririn layi tun daga ƙofar tsoho har makewayi, ta dake su rabi a ciki rabi a waje. Daga ƙofar zuwa zaure kuma ta juya madaɓi ta yi ta sara da gefensa, ya bar tabo-tabo kamar kunyar gona. Kadi, wadda ta fi kowa daɗewa tare da ita, ta jefar da nata madaɓin.

"Yaya, wanga aiki sunanmu za ya ɓata! Kowa ya shigo cewa zai yi hannunmu ya mutu."

"Su ce," in ji Inna. "Ɗauki ki kama mani nan."

Gaskiyar Kadi ce kuwa. An faɗa. Ni da kunnena na ji wata a Katako tana cewa tsufa ya kama Hamsatu, ta bar tsakuwa tsirara a gidan direba. Inna ba ta taɓa gyara zancen ba, don gyara shi sai ta faɗi abin da tsoho ya ɓoye.

Da suka tare, Inna ta zo da safe, ni ma ina wurin, ta durƙusa ta gaida Baba Yakuba. Ta ce, "Baba, ku kuka san daɓen ƙwarai, na mutanen da. Tuɓe takalmi ka taka mani, in bai yi ba in sake." Tsoho ya ji daɗin an nemi ra'ayinsa. Ya fito yana laluben ƙasa da tafin ƙafa, ya ce nan ya yi, nan ma ya yi, sai ya taka tsakuwa ya tsaya. "Nan kin yi ha'inci." Ta ce, "Bi shi ka ji iyakar ha'incin." Ya bi, a hankali, sanda a rataye a hannu, har yatsunsa suka taɓa katangar makewayi. Ya shafa ta. Ya juyo ya bi tsakuwar har ƙofarsa, ya gano ɗaya layin, ya bi shi har zaure, inda iskar titi ta bugi fuskarsa. Ya dawo ya zauna a tabarmarsa, sannan ya ɗaga murya: "Balkisa, kawo mani ruwa. Cika kwanon." Ban ji kunyar share hawaye a gaban mata ba.

Inna Hamsatu, ke ce kika wuni a gidan mutane kina kallon kwanon da kowa ke wucewa. Ke ce kika yarda a ce hannunki ya mutu don dattijo ya riƙe mutuncinsa. Kowace shekara bayan damina kin koma kin gyara layukan nan da ruwa ya ci, har kafaɗar ta gaza, yanzu Kadi ce ke zuwa, ita da ta jefar da madaɓi. Gwanar daɓe, uwar masu tarewa, mun gode. Allah ya sauƙaƙa miki kafaɗa, ya saka miki da gidan da ya fi duk wanda kika daɓe.

Ku kuma magina da kafintoci da masu fenti, da ku masu sabon fili da ke zuwa shagona kuna lissafa mini kwano da karo, ban hana ku ba, ku ƙawata gidajenku. Amma kafin a kwaɓa siminti, ku je ku zauna da waɗanda za su kwana a ciki, musamman wanda ba ya magana. Baba Yakuba bai sake zancen mota ba. Yana nan Bukoki, kullum shi ke fara isa zaure, kuma babu mai riƙe masa sanda.