Mai Gonar

A cocin garinmu na koyi riƙe fensir, ina da goyo. Ajin yaƙi da jahilci ne, a barandar gidan Fada, limamin cocin. Shi ya sa da saƙo ya iske ni nan Bronx, a Amurka, cewa ana shirin bikin tunawa da kafa cocin, kuma ana so in rubuta tarihinsa, ban ce a'a ba. Tsohon littafin baftisma gara ta cinye shi tun tuni. Cikin waɗanda suka ga farkon abin da idonsu, mutum ɗaya ce ta rage, surukata, uwar marigayi maigidana.

Duk Lahadi in mun taso daga addu'ar Mas sai in zauna kusa da taga in buga mata waya, lokacin can yamma ta yi. Ita tana faɗa, ni ina rubutawa a hankali, don hannuna bai taɓa sauri ba.

Ta ce a gindin tsamiya aka fara. Daga nan rumfar zana, daga nan ginin ƙasa, matan zumuntar coci suka yi daɓe suna waƙa. Ƙarfen ƙafar babbar mota aka rataya a reshe, shi ne ƙararrawa. Fada kuwa sai an ga wata yake zuwa a kan keke. Amma kafin duk wannan, babu wanda ya yarda ya ba da ko taku ɗaya na fili, sai wani mutum ya ba da gonarsa ta bakin rafi, wadda ta fi kowacce dawa. 'Yan uwansa suka daina cin tuwo da shi har ya rasu.

Na ce, "Inna, wane ne shi?"

Ta ce, "Mai gonar mana."

Nan na gane. Uban mijinta ne. A wajenmu mace ba ta kama sunan surukinta, ko yana raye ko yana ƙasa. Ni ma da nake surukar gidan, kunya ta hana ni matsa mata. Maigidana da zan tambaya ya riga mu gidan gaskiya, shi ma ban taɓa jin ya ce komai ba sai Baba Tsoho.

'Yata, wadda na haifa a nan, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Ta ce wannan wane irin abu ne, suna kawai. Ta karɓi wayar, ta lallaɓa Hausarta.

"Kaka, ki faɗi sunan, babu mai jin ki."

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. "Ji mara kunya. Ke da ko gaisuwa sai kin yi tuntuɓe? Shekara nawa ina riƙe da bakina, sai yau zan sake shi a cikin waya? Ki zo gida, ƙawata, in kai ki kan kabarinsa. Akwai wani tsoho a ƙauyen gaba, shi zai faɗa miki, ni in toshe kunne."

Muka yi dariya mu duka. Na bar fili a takardar, faɗin yatsa uku. Na ce in na samu hutu daga gidan tsohuwar da nake jinya, sai mu je. Ban tambayi wane ƙauye ba, ban tambayi wane tsoho ba. Gani nake akwai lokaci.

Damina ba ta ƙare ba Inna ta cika. Na sa aka zaga ƙauyukan, aka tarar da tsofaffi biyu; ɗaya hankalinsa ya gushe, ɗayan ya ce shi ma mai gonar ya taso ya ji ana cewa. Kabarin babu rubutu, gicciyen icce ne, ya ruɓe.

An buga tarihin. An sa sunan kowane Fada da kowane katikis mai koyar da addini. A shafin farko an ce wani bawan Allah ya ba da gonarsa.

A cocin da nake zuwa nan, in watan tunawa da matattu ya kama, ana ajiye babban littafi gaban bagade, kowa ya rubuta sunayen mamatansa. Bara na bi layi, na rubuta maigidana da Inna. 'Yata tana tsaye a bayana. Na daɗe da biro a hannu, har matar da ke bin mu ta gyara murya. Sai yarinyar ta sunkuyo, ta ce da Hausa, "Mama, ki sa mai gonar." Na sa.