Rubutun da Malam Sallau Bai Sani Ba

Malam Sallau mutum ne mai ido, wannan kam duk Dogon Dutsi an shaida. Ɗan makiyaya ne daga wajen Geceme, kuma tun yana ƙarami in garke uku suka cakuɗe a bakin rijiya, shi ake kira ya ware wa kowa nasa. Da aka zo ɗibar yaran lakwal, wato makarantar boko, ubansa ya miƙa shi don yana yawan tari, ba zai jure bin shanu ba. Ka ji yadda aka yi ya zama ɗan boko. Ya yi karatu har Yamai, ya dawo yana koyar da cututtukan dabbobi a wata babbar makarantar kiwo, ɗalibai suna ce masa Mushe, wato malam da Faransanci. Idon da ke gane saniya kuwa sai ya koma gane rubutu. Ka ba shi takarda ba suna, ya duba sau ɗaya ya faɗa maka mai ita.

Saboda haka ranar da darakta ya kawo sabon tsari, wai a ƙarshen shekara ɗaliban da suka gama su auna malamansu a takarda ba tare da sa suna ba, Malam Sallau dariya ya yi. Wane ɓoyo? Shekara uku ana miƙo masa ambulan bayan hutu, yana zama gindin itacen bedi yana karantawa yana kiran masu su. Wannan Ishaku ne, malalacin da ya ce aiki ya yi yawa. Wannan Bushira ce, ita ko jaki aka sa gaban allo sai ta ba shi biyar bisa biyar. Bai taɓa riƙe kowa a rai ba, abin nishaɗi ne gare shi.

To, amma akwai Lubabatu, ɗiyarsa ta fari. A gidansu ba a kama sunan ɗan fari, ba a zuba masa ido, ba a yabonsa gaban mutane. Haka ubansa ya yi wa yayansa har ya koma ga Allah, ba wanda ya ce ƙiyayya ce. Tun da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta zuwa Dumega, can ta girma. In ta zo hutu, "ke" yake ce mata, in ba ta kusa ya ce "yarinyar nan". Sai ga shi ta ci jarrabawa, ta zaɓi kiwo, ta zauna a benci na uku cikin ajinsa.

Kunyar da ya gada bai bar ta a ƙofar makaranta ba, da ita ya shiga aji. In yana kiran suna ya iso kanta, sai ya ɗan yi tari ya sa alama ya wuce. Takardun jarrabawarta ko taɓawa ba ya yi, abokiyar aikinsa Madam Hafsat ke ware su ta gyara. Shi a ganinsa ya haɗa mutunci da adalci wuri guda, har yana jin daɗin kansa.

Bayan ajinsu ya gama, aka ba shi ambulan mai takarda talatin da biyu. Ya zauna gindin bedinsa da shayi, ya gane talatin da ɗaya ba gardama. Da ya zo kan ta ƙarshen sai ya tsaya. Rubutu ne ƙanana, a miƙe, mai shi yana danna biro har ya fito ta baya, kuma bai taɓa ganinsa ba. Mutum ɗaya ce tak a ajin da bai san hannunta ba.

Ta ba shi biyar a kowace tambaya. A ƙasa, inda aka bar fili don ƙarin bayani, ta rubuta da Faransanci mai tsabta: "Mushe ya iya koyarwa. Akwai ɗalibar da ta yi shekara biyu tana ɗaga hannu bai taɓa ba ta magana ba. A ta uku ta daina. Ta san amsoshin."

Wallahi da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ita kuwa ta ƙi zama a aljihu. Yana tsaye gaban sabon aji, sai ya ga hannu a benci na uku ta gefen ido, ya waiwaya ba kowa. Ya fara tambayar duk wanda ya motsa, har mai sosa kai, ɗalibai suna ta ƙunshe dariya. A takardun shekarar wani ya rubuta wai Mushe yana yawan yin shiru yana kallon wuri ɗaya. Ya san mai rubutun, ya kuma san gaskiya ya faɗa.

Ya nuna wa matarsa Zalihatu, ya fassara mata. Ta ce, "To mi ta so? Ka kama sunanta gaban jama'a a ce ba ka da kunya? Ni da na haife ta na taɓa kamawa?" Ya ce haka ne. Amma ita Zalihatu ba ta taɓa ganin hannun nan a sama ba, shi ya gani, sau nawa ma, yana kau da kai.

Shekara huɗu yana fama. Lubabatu ta samu aikin allurar dabbobi a Matankari, tana zuwa gida da salla, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon tabarma. Ba ta taɓa tada maganar ba. Shi kuma ya yi ta gwada sunan a ransa, a kan babur, a hanyar masallaci, da ya iso leɓe sai ya maƙale.

Wata ranar kasuwa ya ce yau kam ko za a mutu. Ya hau babur har Matankari, ya same ta a turken awaki da farar riga, ta ba shi baya, tana danne wani bunsuru da gwiwa. Ya tsaya taki goma daga gare ta. Ya buɗe murya irin ta aji ya ce, "Lubabatu."

Ta ɗago da sauri. Ta duba dama, ta duba hagu, idonta ya bi ta kansa ya wuce zuwa ga dillalan da ke bayansa, tana neman wanda ya kira ta. Sai daga baya ta lura da shi. Ta saki bunsurun, ta goge hannu, ta zo ta durƙusa.

"Baba, yaushe kuka iso? Lahiya dai?"

Ya ce lafiya lau, wucewa yake yi.

Ta sake leƙa bayansa ta ce, "Wani ya kira ni yanzu. Ba ku ga ko wane na ba?"

Malam Sallau ya dubi ƙasa. Ya ce bai gani ba.