Ƙwayar da Gwaggo Ke Haɗiya a Bakin Titi

Gwaggo yayar mahaifina ce, tela ce, kayan makaranta take ɗinkawa tun kafin a haife ni. Shagonta ƙarami ne, ƙofa ɗaya taga ɗaya, a matse tsakanin mai faci da mai aski. In ka shiga ƙyallaye ne za su fara tarbar ƙafarka, sai warin man keke, sai ita kanta da tef a wuya da allura a gefen baki. Ba ta da yawan magana, amma in ta riƙe mutum a zuciya ba ta saki. A gida muna tsokanarta cewa har yau ba ta yafe wa akuyar da ta cinye mata littafi tana firamare ba. Ba ta taɓa musantawa ba.

A tsallaken titi, daidai ƙofar shagonta, akwai benci a gindin bishiya. Bencin Dakta ke nan. Shi ba likita ba ne. Aikinsa a asibiti tura gadon marasa lafiya ne daga wannan ɗaki zuwa wancan, har ya yi ritaya. Amma ya daɗe yana jin likitoci suna magana, ya tsinci kalmomi, ya sayi abin awon jini na hannu ya zuba a jaka. Mutanen layin sukan kawo masa magungunansu ya juya su, ya ɗaga su a rana, ya yanke hukunci. Ba ya karɓar komai. Ladansa a ce masa Dakta.

Mijin Gwaggo, wanda muke kira Baba Direba, abokinsa ne tun samartaka. Bas yake tuƙawa. Ya daɗe da ciwon suga, kuma yana lallaɓa shi yadda ya kamata: shayinsa babu sukari, ƙwayarsa a kan lokaci. Daga baya aka ce hawan jini ya shigo, aka ƙara masa wata 'yar farar ƙwaya. Bai daɗe da fara ta ba sai busasshen tari ya kama shi, irin wanda ba ya fitar da komai sai gajiya. Gwaggo ta ce ya koma asibiti. Ya ce layin asibiti yini guda yake ci, ga shi kuwa yana da likita a tsallaken titi.

Dakta ya juya ƙwayar a tafin hannunsa ya girgiza kai. Ya ce, “Abokina, ƙwayar suga da ta hawan jini ba sa zaman ciki ɗaya. Haɗuwa suke yi su ƙone ƙoda. Wannan tarin gargaɗi ne. Ajiye ta, sai ranar da ka ji kanka yana sarawa.”

Baba Direba ya ajiye. Tarin ya tsaya, ya yi ta yabon abokinsa a tasha. Kansa kuwa bai taɓa sarawa ba. Wata safiya yana wanke mota bokitin ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, ya zauna a ƙasa kamar wanda ya tuna wani abu. 'Yan kwanaki ya yi a asibiti ya rasu.

Likitar da ta duba shi ta tambayi Gwaggo labarin magungunansa. Da ta ji, sai ta ajiye biron hannunta. Ta ce tarin sanannen abu ne, da ya dawo da an canza masa wata ƙwayar. Ta ce 'yar farar ƙwayar ma kare masa ƙoda take yi, kuma hawan jini ba ya jiran kai ya yi ciwo kafin ya yi ɓarna.

Dakta ya zo gaisuwa. Ya zauna cikin maza a ƙofar gida, ya ɗaga murya ya ce, “Kwana ne ya ƙare. Ai na sha gaya masa ya rage gishiri.” Gwaggo tana ciki, bango ɗaya ne tsakaninsu. Mahaifina ya miƙe zai fita, ta riƙe masa gefen riga. Ta ce, “Zauna. Wannan nawa ne.”

Da ta koma shago sai ta juya kekenta ya fuskanci bencin. Ta daina gaishe shi. Shekaru suka wuce tana ɗinki tana kallonsa, shi kuma yana juya ƙwayoyin mutane a rana kamar ba a yi komai ba.

Sai abin ya zo kanta. Ƙishirwa ta yi mata yawa, zare ya fara ƙin shiga kafar allura. Ni na raka ta asibiti. Aka ce suga ne, aka sake awo aka ce da hawan jini. Da muka buɗe ledar magani a gida, sai ga 'yar farar ƙwayar nan, ita dai. Gwaggo ta daɗe tana kallonta.

Ta suga tana sha. Ta hawan jinin kuwa a gwangwanin maɓallai na tsince ta, ko ɓallewa ba a yi ba, ranar da na je neman maɓallin rigar ƙanina. Na ce, “Gwaggo, ke ma?”

Ba ta ɗago daga ɗinkin ba. Ta ce, “'Yar nan, na san ƙarya Dakta ya yi. Da kunnena na ji likita. Amma duk sanda na kai ta baki sai in ji muryar mutumin nan, sai in ji bayana yana zafi daidai ƙoda.”

Na ji tsoro ranar, domin fuskarta ta yi nauyi kamar yadda ta Baba Direba ta yi a watanninsa na ƙarshe. Na ce ni ba zan ce mata sha ba, ba zan zama Dakta na biyu ba, amma ta taso mu koma wurin wadda ta rubuta. Muka koma. Gwaggo ta zazzage tambayoyinta tas. Likitar ta ce za a riƙa duba ƙodar da gwajin jini da na fitsari lokaci zuwa lokaci, kuma in ta ji tari ko jiri ko kumburin ƙafa ta dawo, kada ta tsayar da kanta.

A hanyar gida muka hango bishiyar. Ta ce, “Ya kashe mini miji da bakinsa. Ni kuma yana nema ya kashe ni ko bakin bai buɗe ba.”

Washegari da safe ta ɗauko kofin silba na Baba Direba, wanda babu mai taɓa shi a gidan, ta cika da ruwa, ta tsallaka titi. Bencin a cike yake. Ta tsaya a gaban Dakta ta buɗe tafin hannunta.

“Dakta, ina kwana. Ka gane su?”

Ya gyara zama. “Uwargida, yau ke ce da gaisuwa?”

“Wannan ta suga ce, wannan ta hawan jini. Ka ce ba sa zaman ciki ɗaya. To ga cikin.”

Ta watsa su a baki, ta kora da ruwa, ta kife kofin don ya ga babu saura, ta koma shagonta.

Tun daga ranar ba ta fasa ba, ko ana ruwan sama. Wata rana ta ce, “Ƙodata ta hagu tana gaishe ka.” Wata rana ta ce, “Ta dama ta ce ita ba ta gaisuwa da kai.” Mai faci ya daina duba agogo, in ya ga ta fito da kofi sai ya ce wa mai aski, “Buɗe shago, an fara ba Dakta magani.”

Ita ma tarin ya kama ta. Dakta ya ji ta tana yi daga tsallake, ya taɓa na kusa da shi yana murmushi. Gwaggo ta rufe shago ta yini a layin asibiti, aka canza mata ƙwaya, tarin ya wuce. Da safe ta kai masa sabuwar har gaban hanci. Ta ce, “Yini ɗaya a layi, Dakta. Abin da ya rage wa abokinka ke nan, ka hana shi.”

A hankali bencin ya fara ramewa. Masu kawo masa magani suka fara leƙo shagonta da ledojinsu. Ta kore su. Ta ce, “Ni tela ce. In wandonka ya yage kawo, ƙwayarka kuwa mayar inda aka ba ka.”

Bara, ranar da za a duba ta, muna zaune a layi sai ta taɓa ni da gwiwar hannu. Can ƙarshen benci wani tsoho ne ya ja hula har gira, da kati a hannu. Ɗakin masu suga da hawan jini ne, babu wanda ke zama a wurin don shan iska. Gwaggo ta tashi ta koma kusa da shi.

Dakta ne. Ya ce a hankali, “Uwargida, don Allah ki rufa mini asiri.”

Ta ce, “Matsa, an kira na gabanka.”

Ta bar shi 'yan kwanaki yana jiran abin da za ta yi. Sannan wata safiya ta tsallaka da kofin da butar ruwa. Ta sha nata, ta sake cika kofin, ta miƙa masa. Mai faci da mai aski suna tsaye.

“Fito da taka.”

“Wace tawa?”

“Wadda ke aljihun gaba. Ina ganin shacinta tun daga kan keke.”

Ya zaro ta. Ko ɗaya bai ɓalle ba. A nan na gane abin da ban taɓa zato ba: mutumin ya yarda da maganarsa, tsoron ƙwayar yake ji da gaske. Ya ɓalle ɗaya, ya karɓi kofin.

Gwaggo ta ce, “Kofin abokinka ne. Sha.”

Ya sha. Mai faci, da ba ya rasa abin faɗa, ya juya ya koma kan tayarsa.

Yanzu kullum kofi biyu take cikawa, kuma ba ta barin wurin sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Jakar awon jinin ta daina fitowa. Ranar nan ina taya ta ninke riguna na ce, “Gwaggo, ashe dai kin yafe masa.”

Ta ciji zare ta tofar. “Wa ya gaya miki? So nake ya daɗe, 'yar nan. Duk safiyar da ya tashi lafiya lau, ya san da bai hana shi sha ba, haka mijina zai tashi.”

Ta taka keken, idonta a tsallaken titi.